Yadda Ake Riƙe Ibada Bayan Watan Azumi Ya Wuce

Duk wanda ya saba sallar asuba a masallacin unguwa a garin Gombe, ko a Jekadafari yake ko Pantami ko Bolari, ya san abin da ke faruwa a makon da ke biye da ƙaramar sallah. Masallacin da a goman ƙarshe sai an shimfiɗa tabarmi a waje saboda cika, yakan koma sahu ɗaya ko ɗaya da rabi, a cikinsu ma mafi yawa dattawa ne waɗanda dama ba su saba fashi ba. Ban yarda da masu saurin kiran waɗanda suka ɓace munafukai ba, domin na tsaya kusa da su a tahajjud, na ji kukansu lokacin alƙunutu. Abin da ya faru shi ne watan azumi yana zuwa da tsarinsa: sahur na tayar da kowa kafin alfijir, tafsiri na cike yini, asham na biye da lisha, gari gaba ɗaya yana tafiya a kan lokaci guda. Da an ga jinjirin Shawwal sai wannan tsari ya janye, a bar kowa da kansa, kuma wanda bai tanadi nasa tsarin ba yakan wayi gari cikin watan layya ya tarar da Alƙur'aninsa a inda ya ajiye shi daren sallah.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ce a ƙarshen Suratul Hijri, aya ta 99, a bauta wa Ubangiji har yaƙini ya zo, malaman tafsiri kuma sun ce yaƙini a nan shi ne mutuwa. A Suratun Nahli, aya ta 92, ya hana mu zama kamar matar da ta warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Ayar tana magana ne a kan warware alkawari, amma malamai sukan kawo ta a wannan gaɓa, kuma mu mutanen ƙasar auduga da muka ga kakanninmu da mazari a hannu mun san wahalar da ke cikin kaɗin zare. Ga yadda nake ganin za a tsare wannan zaren.

Mataki na farko shi ne a zauna a yanke gwargwado, kuma a yi hakan cikin kwana uku na farkon Shawwal, kafin ƙurar hawan sallah ta lafa. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ka riƙa yi a cikin azumi na sallah da karatu da zikiri da kyauta. Sannan ka tambayi kanka, cikin waɗannan wanne ne za ka iya yi a ranar da ka fi kowace rana gajiya, ranar da ka wuni a gona ko ka sauka daga motar Kano cikin dare. Abin da ya tsira daga wannan tambaya shi ne gwargwadonka, shi za ka rubuta a ƙasan takardar, shi ne kuma ba za ka kwanta ba sai ka cika shi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, hadisin kuma yana cikin Buhari da Muslim. Ni kaina na taɓa fita daga wani azumi da alkawarin izu biyu kullum da raka'a goma sha ɗaya kowane dare. Na riƙe na mako biyu, da na fasa kwana uku a jere sai nauyin ramuwa ya karya mini gwiwa, na bar duka. Shekarar da na yanke wa kaina shafi biyu bayan asuba da shafa'i da wutiri ita ce shekarar farko da na kai Sha'aban ban saki ba.

Mataki na biyu, wanda sauran duka suka rataya a kansa, shi ne tsare salloli biyar a kan lokaci kuma cikin jam'i ga maza. Babu amfanin tsara nafila a kan farillar da ke tangal-tangal. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna cewa sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya da daraja 27, hadisin Sayyidina Usman da ke cikin Muslim kuma ya nuna cewa wanda ya yi lisha cikin jam'i kamar ya tsaya rabin dare ne, wanda ya yi asuba cikin jam'i kamar ya sallaci dare duka. Ke nan wanda yake kewar tahajjudin goman ƙarshe yana da rabo a cikin waɗannan salloli biyu kowace rana ta shekara.

Asuba ita ce take fara suɓucewa, kuma tun daga dare ake rasa ta. Alfijir a Gombe yana ketowa ne wajen ƙarfe biyar, ya ɗan yi gaba ko baya gwargwadon lokacin shekara, saboda haka wanda yake wurin mai shayi ko gidan kallon ƙwallo har ƙarfe sha biyu, ya dawo ya ɗauki waya ya shiga TikTok ko WhatsApp har ƙarfe ɗaya, ya riga ya yanke hukuncin asubarsa tun kafin ladan ya tashi. Ka sa wa kanka lokacin kwanciya, ƙarfe goma da rabi ya wadatar. Ka saita ƙararrawar wayar, ka ajiye ta nesa da shimfiɗa inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kashe ta, ka cika buta tun da dare, lokacin hunturu kuma ka tanadi ruwan ɗumi a filas domin sanyin Disamba da Janairu ya hana mutane da yawa alwala. Ɗan kasuwa a Sabuwar Kasuwa ko Tudun Hatsi, azahar da la'asar ne jarrabawarsa, domin a lokacin ciniki yake kankama; maganin shi ne ya yi yarjejeniya da maƙwabcin rumfarsa, wannan ya tsare wa wancan, ɗaya ya bi jam'in farko ɗaya ya bi na biyu. Manomi da damina ya tafi gona da ruwan alwala da buhun da zai shimfiɗa, ya yi sallarsa a gindin bishiya da zarar lokaci ya shiga, kada ya tara azahar da la'asar sai ya dawo gida rana tana faɗuwa.

Mataki na uku shi ne azumi, kuma a nan zan ɗan daɗe domin tambayoyi sun fi yawa a kansa. Da farko a ƙirga bashin. Wanda ya sha azumi saboda ciwo ko tafiya, da macen da ta sha saboda al'ada ko jego, su rubuta adadin kwanakin tun yanzu da ba a manta ba. Lokacin ramuwa yana da faɗi har zuwa Sha'aban, Nana A'isha ma ta faɗa cewa takan kai Sha'aban kafin ta rama, amma wanda ya yi sakaci ba tare da uzuri ba har wani azumin ya riske shi, a mazhabar Malikiyya zai rama kuma ya ciyar da miskini mudu ɗaya a kan kowace rana. Mudun da ake nufi shi ne mudun Annabi, cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, wanda bai kai mudun awo na kasuwa ba.

Sai Sitta Shawwal. Abu Ayyubal Ansari ya ruwaito, a cikin Muslim, cewa wanda ya azumci Ramadan ya bi shi da kwana shida na Shawwal kamar ya azumci shekara ne. Lissafin a bayyane yake, tunda kyakkyawan aiki ana ninka shi goma: kwana 30 sun zama 300, kwana 6 sun zama 60, jimla 360. Wasu sukan ji cewa Imamu Malik ya karhanta wannan azumi sai su rikice. Gaskiya ne a cikin Muwaɗɗa ya nuna tsoron kada jahilai su riskar da shi ga Ramadan su ɗauka farilla ne, malaman mazhabarsa na baya kuma sun bayyana cewa karhancin yana kan wanda ake koyi da shi idan ya haɗa kwanakin da sallah kai tsaye, a jere, a bainar jama'a, yana ganin haɗawar ita ce sunna. Idan babu wannan, azumin abin so ne. Game da wanda ake bin sa ramuwa, Malikiyya sun karhanta yin nafila kafin biyan bashi, wasu malamai kuma sun sauƙaƙa saboda faɗin lokacin ramuwa. Abin da ya fi kwanciya a raina shi ne a fara da ramuwa, kuma a ware wa kowanne niyyarsa.

Shawarata a kan yadda za a jera kwanakin ita ce a yi su ranakun Litinin da Alhamis. Mako uku sun cika shida, kuma kafin watan ya ƙare jiki ya saba da waɗannan ranaku biyu, sai a zarce da su cikin Zulƙida ba tare da an ji an fara wani sabon abu ba. Akwai kuma dalili na yanayi. A 2024 ƙaramar sallah ta faɗo cikin Afrilu, a 2025 a ƙarshen Maris, wato a waɗannan shekaru Shawwal ya zo ne a tsakiyar zafin bazara, kuma mai aikin ƙarfi zai fi jure azumin da aka rarraba. Mace mai ramuwar kwana shida ko bakwai tana iya jera ramuwarta a farkon wata sannan ta rarraba shidan a sauran kwanakin, ta kuma nemi izinin mijinta a kan na nafila idan yana gari. Wanda Litinin da Alhamis suka yi masa yawa bayan Shawwal, ya riƙe kwana uku a kowane wata, 13 da 14 da 15 ga watan Musulunci. Wannan yana buƙatar a san kwanan watan, saboda haka a rataye kalandar Hijira a ɗaki ko a riƙa sauraron sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi.

Mataki na huɗu shi ne a riƙe wani yanki na sallar dare. Manzon Allah ya gargaɗi Abdullahi ɗan Amru da kada ya zama kamar wane, wanda ya kasance yana tsayuwar dare sai ya bari. Mafi ƙarancin abin da za a riƙe shi ne shafa'i da wutiri: raka'a biyu da Sabbi da Ƙul ya ayyuhal kafiruna, a sallame, sannan raka'a ɗaya da Ƙul huwallahu da Falaƙi da Nasi. Wanda bai amince wa kansa da tashi ba ya yi su nan take bayan lisha kafin ya bar masallaci, domin Abu Huraira ya ce masoyinsa Manzon Allah ya yi masa wasiyya da abu uku, azumin kwana uku a kowane wata, da raka'a biyu na walaha, da yin wutiri kafin barci. Idan wannan ya zauna na wata biyu ko uku, sai a matsar da ƙararrawa baya da minti ashirin, a yi raka'a biyu kafin kiran assalatu. Raka'a biyu na alfijir, waɗanda hadisin Muslim ya ce sun fi duniya da abin da ke cikinta, kada a bar su. Wanda ya tarar an tayar da sallah ya bi liman, ya rama su bayan rana ta ɗaga kafin zawali. Raka'a 12 na hadisin Ummu Habiba, waɗanda aka yi wa mai kiyaye su alkawarin gida a Aljanna, a hau su sannu a hankali, a fara da biyu bayan magariba, in sun zauna a ƙara biyu bayan lisha, sannan na azahar.

Mataki na biyar shi ne Alƙur'ani, wanda Annabi ya ce ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ce zai riƙa karatu duk lokacin da ya samu sarari, alhali sarari ba ya zuwa da kansa. A ɗaure karatun da sallah, a kuma yi lissafi. Bugun Madina yana da shafi 604, kowane izu kimanin shafi goma. Wanda ya karanta shafi biyu bayan kowace farilla ya yi izu guda a rana, zai sauke cikin wata biyu, wato sauka biyar kafin wani azumin, tunda tsakanin sallah da Ramadan mai zuwa kwana 324 ne ko kusa da haka. Wanda ya karanta shafi ɗaya bayan kowace sallah zai sauke cikin wata huɗu. Wanda ya taso a makarantar allo ya saba ƙirga da sumuni, to Alƙur'ani sumuni 480 ne, sumuni ɗaya da asuba ɗaya da magariba sun kai shi sauka cikin wata takwas. Kowa ya zaɓi wanda ya yi daidai da ranarsa ta gajiya, ya sa alama a inda ya tsaya, ya ajiye Alƙur'anin kusa da sallayarsa inda ido zai riƙa faɗawa a kansa. Ina fifita na takarda a kan na waya ga wanda ya san saƙo ɗaya yana iya ɗauke masa hankali. Wanda karatunsa bai miƙe ba kada kunya ta hana shi, makarantun dare na manya suna nan a kusan kowace unguwa, kuma hadisi ya tabbatar da cewa mai karatu yana in'ina yana shan wahala lada biyu gare shi. Mace mai al'ada, a Malikiyya, tana iya karanta abin da ta haddace da ka ba tare da ta taɓa Mus'hafi ba, don haka kwanakin ba za su yanke mata saba ba.

Zikiri ba ya buƙatar dogon bayani. Kada a miƙe daga sahu sai an yi tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 33, a cike ɗari da kalmar tauhidi, a karanta Ayatul Kursiyyu. Safe da yamma a riƙe Sayyidul Istigfari da salatin Annabi. Mai wuridin ɗariƙa ya tsare lazimi da wazifarsa a kan lokacinsu, mai bin littafin azkar ya tsare nasa, kowanne ya yi shi a zaune a wuri ɗaya kafin hidimar rana ta ɗauke shi.

Mataki na shida shi ne hannu. Cikin azumi ana dafa kunu da ƙosai a raba, ana kai buhunan hatsi gidajen marayu, da an yi sallah sai tukwanen su koma ɗaki. Amma yunwa a ƙasarmu ta fi tsanani ne a tsakiyar damina, cikin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, farashin hatsi kuma ya hau. Ka zaɓi gida ɗaya, na bazawara mai marayu ko na dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, ka ɗauki nauyin kai musu wani abu sananne a kowane wata ba tare da kowa ya sani ba. Wanda ba shi da wannan ƙarfin ya ware naira 100 kullum a gwangwani, kafin wani azumin ta haura naira 32,000, kuma an umarce mu da mu kare kanmu daga wuta ko da da tsagin dabino ne. Zakka kuma ba ta jiran Ramadan. Ta kuɗi da kayan ciniki tana wajaba ne idan nisabi ya cika shekara ta zagayo, a fitar da kashi ɗaya cikin arba'in. Ta hatsi ranar girbi ce idan amfanin ya kai sa'i 300: kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da wahala, kamar shinkafar da masu noman rani ke ba ruwa da inji a yankin Dadin Kowa. Mai shanu 30 ko tumaki da awaki 40 shi ma ya je wurin malami ya ji abin da ke kansa.

Mataki na bakwai shi ne a nemi abokin tafiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka sami mutum ɗaya a unguwarku ku yi alkawari, wanda ya riga tashi ya buga wa ɗan'uwansa waya ko ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, wanda bai ga ɗan'uwansa a sahu kwana biyu ba ya je ya duba lafiya. Wani dattijon ladan a unguwarmu, idan ya haɗu da saurayin da ya daina zuwa, ba ya yi masa faɗa, sai ya riƙe hannunsa ya ce, "Ɗana, wurinka yana nan a sahun gaba, ban bari kowa ya zauna ba." Na ga samari da dama sun dawo saboda wannan kalma. Haka nan a maye gurbin tafsiri da zaman karatu ko da sau ɗaya a mako, tsakanin magariba da lisha, a gaban malami, littafi guda daga farko har ƙarshe. Wanda bai taɓa karanta Ahalari ba ya fara da shi, zai koyi tsarki da sallah da ƙabli da ba'adi, daga nan ya wuce Ishmawi da Iziyya da Risala, ya haɗa da Arba'una Hadisi. Maigida ya bar iyalinsa su koma Islamiyyar matan aure da zarar an buɗe, ya riƙa tafiya masallaci da 'ya'yansa maza da suka kai shekara bakwai. Majalisar da ka ƙaurace wa cikin azumi saboda gulma da cin naman mutane, ka auna ta da kyau kafin ka koma, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma harshe yana iya cinye abin da aka tara da dare.

Shekara tana da tashoshin da ake sabunta ƙarfi a cikinsu, kuma ya kamata a yi musu alama a kalanda tun yanzu. Kimanin wata biyu bayan ƙaramar sallah goman farko na Zulhajji za su shigo, waɗanda hadisin Ibnu Abbas a cikin Buhari ya ce babu kwanakin da Allah ya fi son aikin ƙwarai a cikinsu kamar su. Ranar 9 ita ce Arfa, azuminta ga wanda bai je hajji ba yana kankare zunubin shekara biyu, sai layya, sai a tuna cewa ba a azumi ranar sallah da kwanakin da ke biye da ita na shanyar nama. Bayan wata guda Muharram ya kama, a azumci 9 da 10 gare shi, Tasu'a da Ashura, azumin Ashura kuma yana kankare na shekarar da ta wuce.

Duk da wannan tsari, ranar fashi za ta zo, ta ciwo ko tafiya ko rasuwa ko kasala kawai. Abin yi shi ne a rama da wuri, kada a bari bashin ya taru. Sayyidina Umar ya ruwaito, a cikin Muslim, cewa wanda barci ya ɗauke shi ya bar abin da ya saba karantawa da dare, sai ya karanta shi tsakanin asuba da azahar, za a rubuta masa kamar da dare ya karanta. Idan fashin ya kai mako ko wata, kada a tsaya lissafin abin da ya wuce na nafila, a yi istigfari a ɗora daga shafin da alama take, in ya zama dole a rage gwargwadon zuwa rabi har ƙafa ta sake tsayuwa. Farillar da ta kuɓuce ita ce ba ta faɗuwa, sai an rama ta da zarar an tuna.

Idan Rajab ya kama, watan da muke kira na azumin tsofaffi, ka ɗauko takardar nan da ka rubuta a farkon Shawwal ka duba abin da ya tsaya da abin da ya faɗi. Ka ƙirga sauran kwanakin ramuwa da ke kanka, ka tunatar da iyalinka cikin hikima su ƙirga nasu, uwa kuma ta tambayi 'ya'yanta mata da suka balaga, domin sau da yawa kunya takan hana su faɗa. A raba kwanakin a kan Litinin da Alhamis na Rajab da farkon Sha'aban, yadda za a gama kafin tsakiyar watan.